Muryar da ke Layi na Bakwai

Ranar da Doña Herminia ta bugo mini waya ta ce tef ɗin yana wurinta, ina tsaye a kicin da butar ruwan zafi a hannu. Sai da na zuba wa ƙafata.

"Wane tef?" na ce, alhali na sani sarai.

"Kada ka raina mini hankali, Gordo. Tef nawa ƙanena ya ɗauko daga wurinku? Na ji a rediyo kuna nemansa. Ku zo ku ɗauka. Sharaɗina ɗaya ne: ranar da za a kunna shi, ina zaune a wurin."

Ta kashe waya. Ko sallama babu.

Sunana Eusebio Maidana, amma tun ina saurayi tumbina ya ja mini suna Gordo, wato mai ƙiba, har matata da shi take kirana. Shekara arba'in da biyar ina kaɗa jitar bes a ƙungiyar Galpón Nueve, wadda muka sa wa sunan tsohon sito mai lamba tara da ke bakin kogi a nan Rosario, inda muka fara koyon damun maƙwabta. Mu huɗu muka fara. Cacho Villalba a ganguna, Tano Scarpatti a jita, ni a bes, sai Lisandro Ojeda, ƙanen Herminia, mai rubuta waƙa kuma mai rerawa. Yanzu mu uku ne. Cacho ya kurumce, Tano yana rina gashi, ni kuwa gwiwa ta hana ni hawa bene.

Kamfaninmu ne ya kawo shawarar a haɗa manyan waƙoƙinmu tun daga farko har yau, guda ashirin da biyu, a faifai biyu, kowace a sake tace ta daga tef ɗinta na asali. An samo ashirin da ɗaya. Saura wadda ta fi kowace, "Kwalekwalen Ƙarshe", waƙar da 'yan ƙwallo ke rerawa a filin wasa, ake sa ta a biki, ake sa ta a jana'iza. Tef ɗinta ya ɓace tun 1984. Ni kuwa duk shekarun nan addu'ata ɗaya ce, kada a same shi.

Ga dalili.

Lisandro ne ya rubuta ta, shi ne kuma ya rera ta, da safiyar wata Talata a watan Fabrairu. Sau ɗaya ya yi, babu gyara. Da ya gama, Cacho ma da ba ya rufe baki sai ya sunkuyar da kai. Tef ɗin zamanin mai faɗi ne, layi goma sha shida, kowane kayan kiɗa da layinsa. Muryar Lisandro tana layi na bakwai, sauran duk mun cika su.

Da azahar ya fita kai mahaifiyarsa asibiti. Injiniya da Cacho suka tafi cin abinci. Saura ni da Tano.

"Bari in gwada sau ɗaya mana," in ji Tano. "Don dai mu ji."

"Babu layi."

"Akwai na bakwai."

"In na danna, tasa ta goge."

Tano ya dube ni yana murmushi. "Ka san ya yi magana da wani mai bes daga Córdoba? Ya ce yatsunka sun yi kauri, kamar rogo."

Har yau ban san ko gaskiya ne ba. Ban ma tambaya ba. Na zauna a kujerar injiniya, na kai yatsa kan jan maɓalli, na ce ta lasifika, "Na danna, Tano. Shiga, yi sauri kafin ya dawo." Makirfonsa ya ɗauki maganar tawa, tana can a farkon layin, kafin kiɗa ya tashi.

Ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a ƙasarmu, yana da doka, ko yaro ya san ta. Mai zubawa ɗaya ne, a ƙungiyarmu kuwa ni ne tun ranar farko. In cika ƙoƙo da ruwan zafi in miƙa, mutum ya zuƙe ta bututun ƙarfe har ya yi ƙara, ya dawo mini da shi, in sake cikawa in miƙa wa na gaba. Ba a tsallake kowa. Ba a kuma cewa na gode sai an ƙoshi, don da ka ce na gode ka fita daga zagaye ke nan. Namu zagayen bai taɓa canzawa ba: Cacho, Lisandro, Tano, ni. Mun kuma ƙara tamu doka, cewa in ana shawara, mai riƙe da ƙoƙo shi ke da bakin magana.

Da yamma Lisandro ya dawo. Muka ce masa na'ura ce ta ci muryarsa, Tano ya taimaka ya cike gurbin. Ya saurari waƙar daga farko har ƙarshe yana tsaye. Zagaye ya zo kansa, na miƙa masa ƙoƙo. Ya zuƙe tas, yana kallona. Ya dawo mini da shi bai ce na gode ba, ya fita.

Bayan kwana uku, an gama tacewa an kai kwafi kamfani, ya shigo da rana tsaka ya ɗauki babban tef ɗin a kafaɗa, ya tsallaka kogi zuwa tsibirai, ya zama masunci. Waƙar ta fita da muryar Tano, ta kama gari. 'Yan jarida suka yi ta tambaya, ni kuma na yi ta ba da amsa ɗaya: na'ura ta ci, aka ce ya sake, giya ta hana shi. Bayan shekara biyu, lokacin cikar kogi, aka ga kwalekwalensa a kife. Shi ba a gan shi ba.

*

Noemí Zapata ce za ta yi aikin. Mace ce gajera mai furfura, wadda ta fi kowa a garin sanin tsofaffin tef, ba ta kuma jin nauyin kowa. Situdiyonta yana bayan gidanta, a unguwar da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Da ta buɗe kwalin sai wani wari ya cika ɗakin, warin laka da kifi. Tef ɗin ya yi fari da fumfuna, ya manne kamar alewa.

"A ina aka ajiye wannan, a cikin tulu?"

"A bukkarsa, a tsibiri," in ji Tano, yana toshe hanci da gyalen da yake naɗe wuyansa da shi duk zafin Janairu, tsakiyar bazara a wurinmu, wai don kare murya. "Daga baya yayarsa ta sa shi ƙarƙashin gado."

"To sai an gasa."

"Me ta ce?" in ji Cacho.

"Gasawa za a yi!" na ɗaga murya.

"Yauwa. Ni haƙarƙari nake so, kada a ƙona."

Noemí ta nuna mana tanda, wata ƙarama ta lantarki mai ƙofar gilashi, irin wadda ake busar da 'ya'yan itace a ciki. Ta ce tsohon tef in ya sha danshi, gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisun yakan saki, sai a ɗumama shi a hankali ya sake kamawa. Kwana biyu, a digiri hamsin da huɗu.

"Hamsin da huɗu," ta sake cewa, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan firamare. "In ya wuce, ya tafi. Wannan ma yadda ya lalace, sau ɗaya zai bi ta kan na'ura. Abin da kwamfuta ta kama a wannan karon, shi ke nan abin da za ku samu har abada."

Na koma gida na kasa cin abinci. Shekara arba'in ina ba da labari ɗaya. Jikokina sun san shi. Yana rubuce a bayan kwalin faifanmu na uku. Yanzu ranar Alhamis za a kunna tef, a gaban Herminia, muryata ta fito tana cewa yi sauri kafin ya dawo.

Ranar Laraba da azahar, lokacin da garin ke barcin rana, na je situdiyon da ledar biredi, kamar mai wucewa. Noemí ta yi murna da ganina, tana son zuwa kantin magani.

"Zauna ka duba mini shi. Kada ka taɓa komai, Gordo, ko numfashi kada ka yi masa."

Ina jin ƙarar ƙofar gida na tashi. Maɓallin zafin ja ne, shi ma. Na murɗa shi zuwa casa'in.

Minti ashirin na ba shi. Ina zaune ina kallon tef ɗin ta gilashi, fanka na juyawa, gumi na bin bayana. Sai na lura gilashin ya fara haɗa raɓa daga ciki. Tandar busarwa ce, kwana guda da rabi tana aiki, babu inda ruwa zai fito. Ɗigon ya yi ta gangarowa, mai launin ƙasa, har ya taru a bakin ƙofar ya ɗiga a takalmina. Na mayar da maɓallin hamsin da huɗu, na goge wurin da hankicina. Da Noemí ta dawo ta tarar da ni ina karanta jarida a juye.

*

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma. Rana na shigowa ta taga, kare na haushi a maƙwabta. Doña Herminia ta zo da baƙar jaka a cinya, ta zauna kusa da ƙofa, ta ƙi shan komai. Tano ya je zai sumbaci kumatunta ta kawar da fuska.

"Ka tsufa, Aníbal," ta ce da shi, da sunansa na yanka. "Gashin ne kawai bai ji labari ba."

Mu uku muka zauna yadda muka saba, Cacho a hagu, Tano a dama, kujera ɗaya mai kwalayen waya a tsakaninsu, a gurbin Lisandro. Na ciro ƙoƙo da filas na fara zubawa, don hannuna ya sami abin yi.

Noemí ta ɗora tef ɗin a na'ura, ta shafa gefensa da yatsa, ta tsaya.

"Wani ya taɓa mini tanda."

Ta sake shafa gefen tef ɗin.

"Ya yi laushi fiye da ƙima. Shekara talatin ina wannan aiki." Ta dube ni daƙiƙa biyu, na dubi ƙoƙo. "To. Duk mai addu'a ya yi."

Ta danna. Faya-fayan suka fara juyawa. Ta ɗaga layi na bakwai shi kaɗai don ta daidaita shi, sauran ta bar su ƙasa-ƙasa. Nan ne wurin. Nan zan ce na danna.

Shuuu kawai. Daƙiƙa shida na iska, babu kalma ko ɗaya. Zafin ya cinye ta.

Wallahi daɗin da na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ƙirji. Na cika ƙoƙo na miƙa wa Cacho, har ina murmushi. Sandunansa na shekara arba'in da suka wuce suka ƙirga huɗu, kiɗa ya tashi, muryar Tano ta shigo, ƙuruciya ɗanya, mai tsini kamar sabuwar wuƙa.

"Ji yaro!" in ji Tano, yana dukan cinya. "Ji wannan ɗan banzan! Wa ya haife shi?"

Baiti ɗaya ya yi. A na biyu muryar ta fara tsinkewa.

"Yana zubewa," in ji Noemí. Wani jan gari yana sauka daga kan na'urar, siriri, yana taruwa a kan tebur kamar garin barkono. "Ba zan iya tsayarwa ba. In na tsayar ya tsinke."

Muryar Tano ta yi ta ɓarewa kamar fenti a tsohon bango. A inda ta ɓare kuwa ba shiru ba ne. Akwai wani a ƙarƙashi.

Da farko na ɗauka ƙugin bes ɗina ne ya tsallako. Sai ya fara furta kalmomi. Yana shigowa a makare kaɗan bayan ganga, yana jan ƙarshen baiti, yadda mutum ɗaya tak a duniya yake yi. Kafin amshi na biyu babu sauran Tano. Lisandro ne kaɗai a ɗakin.

"Ba ya yiwuwa," in ji Noemí a hankali. "Abin da aka goge ya gogu. Ba fenti ba ne, ba a samun wani a ƙarƙashi. Ba ya yiwuwa."

Amma ba wannan ne ya sa gashin jikina ya tashi ba. Lisandro yana da shekara talatin ranar da ya rera waƙar nan. Muryar da ke fitowa ta lasifika ta dattijo ce. Ta ɗan saba'in, sa'anmu, mai kaushi, mai neman numfashi a tsakiyar baiti. Ta tsufa tare da mu. A duk inda ya ja iska kuma, ana jin wani ƙulu-ƙulu can ciki, kamar ana cika kwalba a rafi.

Cacho ya ajiye ƙoƙo a cinya. Ya kai hannu kunne, ya zare na'urar jinsa, ya zare ɗayar, ya ɗora su a tebur. In ba su, ko jirgin ƙasa ya wuce ta kansa ba ya ji.

"Ina jin sa," ya ce. "Gordo, tas nake jin sa. Har yanzu a makare yake shigowa, ɗan iska."

Hawaye na bin fuskarsa yana kaɗa ƙafa daidai da kiɗan.

Herminia ba ta motsa ba. Leɓenta kawai ke bin kalmomin.

Waƙar ta kai ƙarshe, jita ta mutu a hankali. Tef ɗin da ke naɗuwa a ɗaya gefen ya zama fari fes kamar leda, ana hango bango ta cikinsa. Saura 'yan taku ya ƙare. Sai aka ji an yi gyaran murya, kusa da makirfo sosai.

"Gordo," in ji muryar. "Ka tsallake ni."

Jelar tef ɗin ta fita, ta yi ta faɗa-faɗa a jikin na'ura har Noemí ta kashe.

Na duba hannuna. Cacho ya dawo mini da ƙoƙo ban ma sani ba, na cika shi, ga shi na miƙa ya wuce kujerar kwalaye, yana gaban Tano. Yadda nake yi shekara arba'in.

*

Tano ne ya fara farfaɗowa. Ya fizge ƙoƙon daga hannuna, don ya sami bakin magana.

"Wasa ne. Wani ya haɗa wannan." Ya nuna Herminia da bututun. "Yanzu kwamfuta tana kwaikwayon muryar kowa. Ke kika kai aka yi miki?"

"Ni ko wayata jikata ke kunna mini," in ji Herminia.

"Noemí, goge shi. Mu ɗauko daga tsohon faifai, a wanke ƙarar, a sa. Ba wanda zai gane."

"Zan iya," in ji Noemí. Hannunta na kan kwamfuta amma ba ta dubi allon ba. "Ko in goge, ko in tace wannan in kai. Tef dai ya mutu, kwafi ɗaya ne a duniya, ga shi nan. Ku ne masu waƙa. Ku gaya mini."

"Ni na ce a goge. Tawa ce. Shekara arba'in ina rera ta, a Lima, a Madrid, da zazzaɓi, da ranar da uwata ta mutu. Shi sau ɗaya ya yi!" Ya zuƙe ƙoƙon da ƙarfi ya turo mini.

Na cika na ba Cacho. Ya mayar da na'urorin kunnensa, ya sha a natse.

"Sau ɗaya ya yi, ya kuma fi ka," ya ce. "Kai ma ka sani, mai baƙin gashi. A sa tasa."

Ɗaya da ɗaya. Ƙoƙo ya dawo hannuna.

Babu wata shaida a kaina. Daƙiƙa shidan nan sun tafi, ni na kashe su da hannuna jiya. In na ce a goge, Noemí ta danna, shi ke nan: wata tsohuwa, da kurma, da labarin da ba mai yarda. In koma gida wurin jikokina yadda na fito. Tano yana kallona da irin murmushin nan na ranar Talata.

Sai na ji sanyi a ƙafa. Na duba. Ƙarƙashin kujerar kwalayen akwai ruwa, ɗan kaɗan, mai launin ƙasa, yana bin tsagar tayil a hankali. Ya wuce takalmin Tano bai taɓa shi ba. Wurina ya nufo.

Ba zan ce jarumtaka ce ba. Tsoro ne. Amma da na buɗe baki sai na ji abin ya daɗe yana jira a bakin ƙofa.

"Doña Herminia, na'ura ba ta ci komai ba. Ni na goge shi. Ya tafi kai mahaifiyarku asibiti, na zauna na danna da yatsan nan. Bai sha ko ɗigo ba ranar, ba wanda kuma ya ce ya sake. Ƙarya na yi wa jaridu." Na juya. "Noemí, ni na murɗa tandarki jiya. Casa'in, minti ashirin."

"Na sani, shashasha," in ji Noemí. "Ka bar mini hankicinka a ƙasa."

Herminia ta daɗe tana kallona. Na zaci za ta yi kuka, ko ta jefe ni da jaka.

"Ya gaya mini tun a daren," ta ce. "Bai taɓa ambaton Aníbal ba, ya ce wannan halinsa ne, ba a fushi da kunama. Kai yake ambata. Ya ce, mai zuba mini mate." Ta gyara jakarta. "Ba ni ce zan yafe maka ba. Ga shi can, ka tambaye shi."

Na tashi, gwiwa na ƙara. Na kwashe kwalayen daga kujerar na zuba a ƙasa. Na cika ƙoƙo har baki, na ɗora shi a kan kujerar, bututun na fuskantar inda mutum zai zauna. Na koma wurina.

"A sa tasa," na ce. "A rubuta sunansa. A rubuta abin da na yi a bayan kwali, ni zan sa hannu."

Kare ya daina haushi. Mu biyar muna kallon ƙoƙo a kan kujera, rana ta faɗo a kansa, tururi na tashi. Sai tururin ya tsaya. Muka ji ƙarar nan da kowa ya sani, ta bututu in ya kai ƙasa ruwa ya ƙare. Sau biyu, yadda yake yi.

Na ɗauko ƙoƙon. Babu ruwa, ganyen ya yi sanyi ƙalau, a bakin bututun akwai yashi.

Na kasa kunne. Duk muka kasa kunne. Ba a ce na gode ba.

Zagaye zagaye ne. Na goge bututun da bakin rigata, na cika, na miƙa wa na gaba. Tano ya karɓa da hannu biyu. Ya dube shi, ya dubi kujerar, ya kai baki ya sha har ƙasa, ban san yadda ya iya ba. Ya miƙe, ya kwance gyalen wuyansa ya sa a aljihu, ya miƙo mini ƙoƙon.

"Na gode, Eusebio," ya ce.

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Ya fita, bai sake hawa dandali da mu ba, bai kuma sake ɗaga wayata ba.

*

Faifan ya fito a watan Mayu. Waƙa ta tara ce a faifai na farko. Masu sharhi suka ce wani tsohon gwaji ne aka tono, wasu suka ce na'ura ce ta yi, suka yi ta gardama a rediyo har suka gaji. Abin da na rubuta a bayan kwali ya fi waƙar jawo magana. Babbar 'yata ta yi wata biyu ba ta kawo mini yara ba. A kasuwa wani ya tofa yawu kusa da ƙafata, wani kuma ya rungume ni, ban san wanne ya fi ciwo ba.

Noemí ta yanke maganar ƙarshen, ba ta cikin faifan. Cacho dai ya ce shi yana jin ta duk lokacin da ya zare na'urorinsa.

Ni kuwa kullum ƙarfe huɗu ina fitar da kujera biyu baranda. Matata ta daina tambaya, sai dai ta ajiye tsumma kusa, saboda ruwan. In cika ƙoƙo in sha, in cika in ɗora a ɗayar kujerar, in kawar da kai ina kallon titi. In ji ƙarar sau biyu. In ɗauko, in kakkaɓe yashin, in jira.

Jiya filas uku muka sha, har rana ta faɗi. Bai ce na gode ba tukuna.